Kumburi, Mugunya da Zazzaɓi: Yadda Jiki Ke Tare Bakteriya



Darasin wannan fitowa ya shafi abin da babu gidan da bai taɓa gani ba. Sartse ya soki yaro a tafin ƙafa, ko wuƙa ta yanki uwargida tana gyaran kifi, bayan kwana biyu wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, ya tara mugunya. Wani sai ya warke, ko ƙwaya ɗaya bai sha ba. Wani kuwa ciwon da bai kai ƙwayar wake ba sai ya kwantar da shi a asibiti, har a fara maganar yanke ƙafa. Wuƙar iri ɗaya ce, dattin ma iri ɗaya ne. Bambancin yana cikin abin da ya faru ƙarƙashin fata a awoyin farko, tsakanin ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya da masu gadin da Allah ya halicce mu da su.

Mu fara da ita bakteriyar. Halitta ce mai rai, amma ido ba ya ganinta. In aka jera dubu ɗaya, tsawonsu bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, wato 'yan ƙananan layukan nan na jikin rular 'yan makaranta. Ita ce ke kawo maruru, kwalara, taifod, tarin fuka da sanƙarau. Mura da ƙyanda kuwa wata ƙwaya ce dabam ke kawo su, bairos, haka maleriya ma tata ƙwayar dabam ce, shi ya sa maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki. Ƙarfin bakteriya yana wurin saurin haihuwa. In ta sami ɗumi da abinci, wata irin takan rabe biyu duk minti 20. Ku ɗauki biro ku lissafa: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, awa ɗaya sun kai takwas. Kafin awa 7 ta cika sun doshi miliyan biyu. Na shekara talatin ina kasuwanci ban ga jarin da ke ninkawa haka ba.

To, garkuwar jiki iri biyu ce. Akwai wadda ke koyo. Ita ce allurar riga-kafi ke horarwa, tana gane kowace cuta da kamanninta, ta kuma riƙe ta a ka shekara da shekaru. Sai dai in karon farko ne, takan ɗauki mako guda ko fiye kafin ta shirya. Ku dubi lissafin da muka yi yanzu. Da ita kaɗai muke da ita, da babu wanda zai kai mako guda bayan ƙusa ta soke shi. Ɗayar kuwa da ita ake haihuwar mutum, ba ta jiran koyo, kuma a kanta darasinmu yake. Misalinta kamar mai gadin kasuwa ne. Bai san sunan ɓarawo ba, ba shi da hotonsa. Amma in ya ga mutum ƙarfe biyun dare da ƙarfen ɓalle kwaɗo a bakin shago, ba ya buƙatar a gabatar masa da shi. Zai busa usur, ya kai masa kulki.

Kafin ma a kai ga masu gadi akwai katanga, kuma mafi yawan aikin katangar ce ke yin sa ba mu sani ba. Fata busasshiya ce, tana da ɗan gishiri da ɗan tsami, kullum kuma samanta yana zubewa da duk abin da ya manne masa. Hawaye da yawu da majina suna ɗauke da wani sinadari mai fasa bangon bakteriya. Wani likita a Landan, Alexander Fleming, shi ya ba da labarinsa a 1922, bayan ya gwada majinarsa a kan ƙwayoyin da yake kiwo a ɗakin bincike ya ga sun narke. Shi ne dai ya gano fenisilin a 1928. A cikin maƙogwaro da hanyoyin huhu akwai wasu 'yan siraran gashi da ke kaɗawa dare da rana, suna turo majina sama da duk ƙurar da ta kama, mu haɗiye ko mu tofar. Hayaƙin taba yana kashe musu jiki. Hayaƙin gawayi da na itace a rufaffen ɗaki ma yana wahalar da su, kuma iyayenmu mata masu sayar da waake da tuwo, da goyo a baya, su suka fi shaƙarsa.

A nan bari in tsaya a kan man bilicin, domin a kasuwa nake, ina ganin yadda ake sayensa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta hana shigo da mayuka masu sinadarin haidirokwinon tun 2016, amma har yanzu ana samun su, kuma da yawa a ciki akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira siteroyid. Aikin siteroyid shi ne ya sa masu gadin jiki su yi barci. Likita yakan ba da shi da ƙa'ida, na ɗan lokaci, in garkuwar ce da kanta ta yi yawa. Mai shafa shi kullum shekara da shekaru tana sirantar da katangarta, tana kuma kwantar da masu gadinta. Shi ya sa za ka ga ƙuraje da ƙyasbi sun ƙi ƙarewa, ƙaramin rauni ya ƙi haɗewa, in an yi mata tiyata ɗinki ya yi ta ba da wahala. Ƙwayar da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, da wadda wasu tsofaffi ke saya don ciwon gwiwa, sau da yawa dangin wannan maganin ne. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, ya je likita ya sauke masa a hankali.

Ciki ma yana da tasa katangar. Ruwan da ke cikin tumbi tsami gare shi mai ƙona, yawancin ƙwayoyin da muka haɗiya da abinci a nan suke mutuwa. Ƙwayar kwalara ba ta jure wannan tsami, sai mutum ya haɗiyi miliyoyi masu yawa kafin wasu su tsallake zuwa hanji. In kuwa tsamin ya ragu, kaɗan ma sun isa. Saboda haka mai shan maganin gyambon ciki, da mai yawan jiƙa kanwa yana sha, su ya kamata su fi kowa kula da ruwan da suke sha lokacin annoba. Ba mu manta 2014 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Akra da kewaye, fiye da 200 suka rasu. Can cikin hanji kuma akwai bakteriya na kirki, yawansu ya kusa daidai da yawan ƙwayoyin halittar jikinmu gaba ɗaya. Sun cika gurbi, sun cinye abinci, baƙuwa in ta zo ba ta samun wurin zama. Duk lokacin da aka sha kafso ba dalili, su ake fara kashewa.

Yanzu a ce katanga ta fashe, wuƙa ta shigar da datti. A ƙarƙashin fata, da cikin huhu, da hanta, da saifa, akwai wasu manyan ƙwayoyin halitta da ke zaune suna jira. Masana na kiransu makurofaj, ma'anar sunan da Girkanci babban maciyi. Aikinsa ya lulluɓe bakteriya, ya haɗiye ta, ya narkar. Wanda ya fara fahimtar wannan wani masani ne daga ƙasar Rasha, Mechnikov. A 1882, a garin Messina na Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garau yake ana hango ciki. Washegari ya duba a madubin bincike ya ga 'yan ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. Nan ya gane cewa abin da ke faruwa a yatsan mutum ke nan in sartse ya shige shi. An ba shi kyautar Nobel a 1908.

Yaya babban maciyi ke gane baƙo, alhali bai taɓa ganinsa ba? An ɗauki sama da shekara ɗari kafin a samu amsar. Akwai abubuwan da bakteriya ba ta iya rayuwa sai da su, mu kuwa ba mu da su ko kaɗan: irin kayan da aka gina bangonta da su, da 'yar bulalar da take iyo da ita. Waɗannan su ne ƙarfen ɓalle kwaɗon. A jikin masu gadinmu akwai wasu 'yan maɓallai da ke kunnuwa da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa su. Jules Hoffmann a Faransa ya ga alamar haka a 1996 a jikin 'yan ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Bruce Beutler a Amurka ya tabbatar da shi a jikin ɓeraye a 1998. Su ma sun sami Nobel a 2011. Abin mamaki a wurina shi ne irin gadin da ke jikin ƙuda shi ne a jikin sarki.

Da maɓallin ya kunnu sai maciyi ya busa usur, wato ya saki sinadaran kira. Ƙananan jijiyoyin jini na wurin su buɗe, jini ya ƙaru, shi ne zafin da hannu ke ji. Bangonsu ya saki, ruwa ya tsattsafo cikin nama, shi ne kumburi. Jijiyoyin ji su ƙara kaifi, shi ne raɗaɗi, kuma raɗaɗin yana da amfani tunda shi ke hana yaro ya ci gaba da taka ƙafar. Cikin ruwan da ya tsattsafo akwai wasu sinadarai kusan iri 30, hanta ce ke yin mafi yawansu. Wasu su manne wa bakteriya kamar an shafa mata fenti don masu gadi su gan ta, wasu su huda jikinta ta fashe.

Sai kuma rundunar da ta fi yawa ta iso, fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil. A cikin ɓargo ake yin su, kusan biliyan 100 kowace rana a jikin babban mutum, kuma rayuwarsu gajera ce, daga awoyi zuwa 'yan kwanaki. Suna bin jini, in suka ji kira sai su manne a bangon jijiya, su kutsa ta tsakani, su bi warin har wurin da abin yake. Suna haɗiye bakteriya su kashe ta da wani sinadari dangin wanda ke cikin Parazone na wanki. Kada wani ya ji haka ya zuba Parazone a ciwo: nasu a cikin cikinsu suke haɗa shi, ɗan mitsitsi, na kwalba kuwa naman mutum zai ƙona. A 2004 masana a Jamus suka gano cewa wasunsu ma fashewa suke yi, su watsa wani abu kamar taru ya kama ƙwayoyin. Suna kashewa suna mutuwa. Mugunyar da muke ƙyama yawancinta gawarwakinsu ne, haɗe da matattun bakteriya da naman da ya lalace. Koren da ake gani a cikinta, ko a cikin majina, launin sinadarinsu ne. Don haka majina ta yi kore ba ya nufin lallai sai an sha kafso. Kaluluwar da ke fitowa a matsematsi ko a hammata kuma tasha ce, can ake kai guntayen abokan gaba don garkuwa mai koyo ta fara karatunsu.

In kiran ya yi ƙarfi har ya kai ƙwaƙwalwa, sai ta ɗaga zafin jiki daga 37 zuwa 38 ko 39. Jiki ne da kansa ke hura wutar, domin wasu ƙwayoyin ba sa haihuwa da kyau a cikin zafi, masu gadi kuwa suna ƙara kuzari. Hanta ma tana nata: bakteriya na buƙatar sinadarin ƙarfe, irin wanda ke cikin maganin ƙarin jini, sai hanta ta ba da umarni a ɓoye shi, kamar yadda ake kulle rumbu in an ji ɓarayi a gari. Saboda wannan ne a asibiti ba a fara ba yaron da tamowa ta kama sosai maganin ƙarin jini a kwanakin farko. Mu ma kada mu yi saurin ɗura wa mai zazzaɓi tonik ba tare da an tambayi likita ba. Farasitamol don a sami sauƙi babu laifi, a bi ƙa'ida, a ba da ruwa da yawa. Amma saukar zafi ba warkewa ba ce, kuma ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. A yi gwajin jini, minti 20 ne.

Da a nan labarin ya tsaya da babu mai mutuwa da ciwon bakteriya. Sai dai waɗanda ke kwantar da mu su ne waɗanda suka san dabarar wuce mai gadi.

Wasu riga suke sawa. Ƙwayar sanƙarau da ƙwayar da ta fi kawo ciwon huhu suna lulluɓe da wani abu mai santsi, maciyi ya kai hannu su sulluɓe, kamar mai son kama tarwaɗa da hannu a jiƙe. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro lafiya lau. In hunturu ya zo, ƙura da busasshiyar iska suka farfasa cikin hanci, ga cunkoso a ɗaki an rufe taga, sai ta sami ƙofa ta shiga jini. Shi ya sa ciwon ya fi yawa daga Disamba zuwa farkon damina, a yankin da ya taso daga Senegal har Habasha, wanda ya haɗa da Wa, Bolga, Bawku da Tamale. A 1996 da 1997 ya kama mutum kusan 250,000 a Afirka, kusan 25,000 suka rasu. Mai sayar da tarwaɗa in yana so ya riƙe ta yakan shafa toka ko gishiri. Aikin riga-kafi ke nan: tana koya wa jiki ya yi wani abu da zai manne wa rigar, santsin ya tafi, mai gadi ya sami wurin kamawa. Allurar da aka yi wa jama'ar arewacin Gana a 2012 irin wannan ce. Haka wadda Saudiyya ta wajabta wa alhazai, wadda aka faɗaɗa ta bayan ɓarkewar ciwon a aikin hajjin 2000. Masu tafiya da 'yan uwa a arewa lokacin rani, da maniyyata, kada a nemi kati ba tare da allurar ba. Katin ba ya tare komai.

Gaɓar da ta fi iya kama masu rigar santsi ita ce saifa, tana tace jini kamar rariya. A nan maganar 'ya'yanmu masu sikila ta shigo, kuma ina roƙon iyaye su karanta wannan wurin sau biyu. A Gana kusan jarirai biyu cikin ɗari da sikila ake haihuwarsu. Ciwon yana toshe jijiyoyin saifa tun suna ƙanana har ta daina aiki, sau da yawa kafin yaro ya kai shekara biyar. Yaron yana wasa, ba a ganin komai, amma rariyarsa ta tafi. Ƙwayar da wani yaro zai kawar ba a sani ba, shi tana iya kashe shi cikin yini ɗaya. Saboda haka ne Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a Kumasi a 1995, don a gane su da wuri a sa su a kan fenisilin kullum, safe da yamma, har su kai shekara biyar aƙalla. A nan shan maganin kullum ba ciwo daidai ne, tunda yana tsaye ne a madadin saifa. Mai sikila in jikinsa ya kai 38, ko da tsakar dare ne, asibiti za a nufa. Ba a jiran gari ya waye, ba a gwada jiƙo tukuna.

Wasu kuma yarda suke yi a haɗiye su. Ƙwayar tarin fuka in maciyi ya haɗiye ta a huhu sai ta hana shi zubo mata ruwan narkarwa, ta mai da cikinsa ɗakin kwana. Da jiki ya ga ya kasa kashe ta sai ya gina mata kurkuku, ya kewaye ta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ta, mafi yawansu ba za su taɓa yin ciwon ba. Amma in tsufa, ko yunwa, ko ciwon suga, ko ƙanjamau ya raunana bangon kurkukun, sai ta fito. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama, da gumin dare, a kai kaki a gwada. Maganin wata 6 ne, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ƙwayar taifod ma haka take yi, ta hau maciyi kamar mota ya kai ta hanta da saifa da ɓargo, in aka bar ta har mako na uku tana iya huda hanji.

Ta maruru kuwa faɗa take yi gaba da gaba. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana da ita a hanci. Tana da dafin da ke fasa niyutirofil, tana kuma daskarar da ruwan jini ta yi wa kanta shinge. Jiki shi ma sai ya kewaye wurin gaba ɗaya, shi ne ƙullin da ake ji. Mai matse maruru da ƙarfi tun bai nuna ba yana fasa wannan kewayen ne, yana tura ƙwayoyin cikin nama mai lafiya. A riƙa gasa shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. In ya girma ma'aikacin lafiya ya tsaga shi, domin magani ba ya shiga tsakiyar mugunya da kyau. Wanda ya fito tsakanin hanci da leɓen sama kada a taɓa shi sam, jijiyoyin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Fasa kafso ja da rawaya a barbaɗa a kan ciwo, wanda ya zama mana al'ada, ba ya kai wa inda ƙwayoyin suke, sai dai ya koya musu jure maganin.

Ban da masu sikila, akwai mutum biyu a gidajenmu da gadinsu ke da rauni. Na farko mai ciwon suga. In suga ya yi yawa a jini niyutirofil sukan yi nauyin jiki, ga jini ba ya isa ƙafa sosai, ga jijiyoyin ji sun mutu, ƙusa ta shiga bai sani ba. Baba ko Hajiya mai suga a duba musu tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowace rana, jika ma zai iya. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsun da tawul. Kada su yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, kada a yanke musu farce ko kanta da reza. Na biyu jariri. Masu gadinsa ba su gama ƙwari ba, cibiyarsa kuma ƙofa ce a buɗe har cikin jini. Toka, ƙasa, man goge baki da sauran abin da ake sa wa cibiya don ta yi saurin faɗuwa, a bar su, a tsaya kan abin da aka bayar a asibiti. Dakashi kuma, nonon farko mai kauri da wasu kakanninmu ke cewa a matse a zubar, cike yake da kayan garkuwar uwa, har da sinadarin da ke ƙwace ƙarfe daga bakteriya. A ba shi tun awar farko. Wanzami in zai yi aski ko kaciya, sabuwar reza, a buɗe ta a gaban mai gida.

Abu mafi haɗari shi ne ranar da faɗan ya fita daga unguwa ɗaya. In ƙwayoyin suka bazu, usur sai ya tashi ko'ina lokaci guda. Abin da ya yi amfani a yatsa ɗaya, wato buɗewar jijiyoyi da tsattsafar ruwa, sai ya faru a jiki duka. Ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda ta daina samun jini, huhu ya cika da ruwa, ƙwaƙwalwa ta rikice. Likitoci na kiran wannan sefsis, kuma a nan garkuwar mutum ce da kanta ke rushe gidan da take gadi. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya nuna a 2017 mutum kusan miliyan 49 suka shiga wannan hali, miliyan 11 suka rasu, wato mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a duniya. Maganinsa antibayotik ne ta jijiya da ƙarin ruwa, kuma awa ɗaya tana da bambanci da awa biyar. Ga inda maganin da muke ɓarnatarwa a kan mura yake da ranarsa, in ƙwayoyin ba su riga sun saba da shi ba.

Alamunsa ba su da wuyar ganewa in an san su. Mai ciwo ko zazzaɓi ya fara numfashi da sauri, ko ya fara sambatu, ko barci ya yi masa nauyi ana tashinsa da ƙyar. Ya yini bai yi fitsari ba. Hannu da ƙafa sun yi sanyi alhali jiki na rawa. Wuya ya sanƙare, ko haske na damun idonsa. A wurin tsoho sau da yawa babu zazzaɓin ma, ruɗewa ce kawai, sai a ce tsufa ne ko an yi masa wani abu, a tsaya neman mai tofi har dare ya yi. A yi addu'ar a cikin mota. Jaririn da bai kai wata uku ba in ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko maɗigarsa ta kumbura, ko cibiya na wari, shi ma haka. Mai jego da zazzaɓi ya kama a makon haihuwa, ko jinin biƙi ya canza wari, kada a ce ruwan wanka ne bai yi zafi ba.

Ciwon da ke kan fata kuwa akwai hanyar bin sawunsa a gida. A fara wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu tun a minti na farko, a zuba ruwan da yawa, a rufe da bandeji ko tsumma wankakke. In ƙusa ce ko wani abu mai datti ya shiga da zurfi, a je a tambayi allurar tetanos ranar. Littattafan lafiya sukan ce a duba ko wurin ya yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Mu abin da za mu duba shi ne wurin ya fi kewayensa duhu, ko yana sheƙi, ko ya yi tauri, sannan a taɓa da bayan hannu a gwada zafinsa da ɗaya ƙafar. A ɗauki biro a zagaye iyakar inda zafin da kumburin suka tsaya, a rubuta lokaci a gefe. A sake dubawa da yamma, a kuma dubawa da safe. In abin yana cikin da'irar ko yana ja da baya, masu gadi na riƙe da shi, a ci gaba da wankewa. In ya tsallake layin, ko wani zare mai zafi ya miƙe yana hawa zuwa matsematsi ko hammata, ko zazzaɓi ya shigo, a tafi asibiti a ranar, kuma kada a goge layin biron, a nuna wa nas.